Layin Jiran Tallafin Haya a Amurka



Yau za mu ƙetare teku mu leƙa Amurka, mu ga yadda gwamnatin ƙasar take agaza wa masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin haya: wa doka ta ce ya cancanta, nawa ake ba shi, hannun wa kuɗin ke bi kafin su isa ga mai gida, kuma me ya sa akasarin waɗanda suka cancanta ba sa samun ko sisi.

A farkon watan Yunin 2024, hukumar gidaje ta birnin Niu Yok ta buɗe rajistar neman tallafin haya na tsawon mako guda. Rabon da a buɗe wa jama'a wannan rajista tun ƙarshen 2009, kusan shekara 15 ke nan. Kafin makon ya ƙare, iyalai sama da 630,000 sun cike takarda. Hukumar ta sa kwamfuta ta yi ƙuri'a, ta zaɓo 200,000. To ku lura da kyau, waɗanda ƙuri'ar ta faɗa kansu ba a miƙa musu makullin gida ba, ba a kuma ba su kuɗi ba. An dai rubuta sunayensu a layin jira. Sauran sama da 400,000 ko layin ba su samu shiga ba.

Mene ne wannan abu da ake wa rububi haka?

Gida mai arha daban, gida mai tallafi daban. Wani gidan yana arha ne don rufinsa na yoyo, ko don unguwar ba tsaro. Wannan kasuwa ce ta karya masa farashi. A manyan shirye-shiryen gwamnatin tarayyar Amurka, abin da ke bambanta gida mai tallafi shi ne inda ake fara lissafin haya. Ana farawa daga aljihun ɗan haya. Ya biya kashi 30 cikin 100 na abin da yake samu a wata, gwamnati ta cike ragowar. Samunsa ya ƙaru, hayarsa ta ƙaru. Samunsa ya ragu, hayarsa ta ragu. A ganina babu dabarar da ta kai wannan kyau a tsarin baki ɗaya, kuma sai da aka sha wuya kafin a kai gare ta.

A 1937, zamanin Shugaba Franklin Roosevelt, ƙasar tana cikin matsanancin karayar tattalin arziki, majalisa ta zartar da dokar gidaje. Tarayya za ta ɗauki nauyin gini, hukumomin gidaje na birane da gundumomi su gina, su mallaka, su zuba 'yan haya. Sai dai an bar wani giɓi. Kuɗin gudanarwa, wato gyaran famfo da wuta, kwashe shara, albashin ma'aikata, an ce a riƙa fitar da su daga hayar da mazauna ke biya. Muddin mazaunan ma'aikata ne masu albashi, lissafin yana fita. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, masu ɗan hali suka riƙa sayen gidaje a bayan gari da rancen da gwamnati ta tsaya musu, rancen da aka toshe wa baƙaƙen fata hanyar samunsa a wurare da dama. Aka bar mafiya talauci a gidajen gwamnati. Gine-gine suna tsufa, kuɗin gyara na ƙaruwa, masu iya biya na raguwa. Hukumomi suka koma ƙara haya a kan waɗanda ba su da shi.

Inda abin ya fi fitowa fili shi ne rukunin gidajen Pruitt-Igoe a birnin Sant Luwis na jihar Misuri. Benaye 33 ne, kowanne hawa 11, aka gama su a tsakiyar shekarun 1950. Tun wajen gini aka tsuke bakin aljihu: na'urar hawa bene ba ta tsayawa sai a hawa na 1, da na 4, da na 7, da na 10. Tsohuwar da ke hawa na 9 sai ta sauka a na 10 ta gangaro da ƙafa, ko ta sauka a na 7 ta haura da kayan cefanenta. Da na'urorin suka fara lalacewa, babu kuɗin gyara. Tagogi suka farfashe, bututan ruwa suka daskare suka fashe lokacin hunturu, duk mai inda za shi ya tattara ya tafi. A 1969 mazauna gidajen gwamnati na birnin suka yi yajin biyan haya na tsawon watanni. A wannan shekarar ce Sanata Edward Brooke na jihar Masachusets, baƙar fata na farko da jama'a suka zaɓa da ƙuri'unsu zuwa majalisar dattawa, ya kawo gyaran doka da ya hana a karɓi fiye da kashi 25 cikin 100 na samun ɗan haya. A 1981, zamanin Shugaba Ronald Reagan, aka ɗaga shi zuwa kashi 30, kuma nan yake har yau. Pruitt-Igoe dai bai tsira ba. A 1972 aka fara rushe shi da nakiya, ana nunawa a talabijin, ginin bai ko cika shekara 20 ba.

Adalci ne in faɗa muku cewa ba duk gidajen gwamnati ne suka zama haka ba. Da yawansu ƙananan rukunai ne a ƙananan garuruwa, wasu na tsofaffi ne zalla, kuma a Niu Yok dubban ɗaruruwan mutane na zaune a irinsu har gobe. Amma hoton benen da ke zubewa cikin ƙura shi ya zauna a zukatan 'yan siyasa. A farkon 1973 Shugaba Richard Nixon ya dakatar da sababbin ayyukan gidaje masu tallafi. A 1974 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a dokar da ta haifar da shirin da kowa a Amurka ya sani da Sashe na Takwas. Tunanin da ke bayansa shi ne gwamnati ta rage gini, ta bar 'yan kasuwa da gidajensu, ita kuma ta taya ɗan haya biya.

Wannan tallafi iri biyu ne. Akwai wanda ke manne da gini: mai bene ya ƙulla yarjejeniya da gwamnati, duk wanda ya cancanta ya shiga ɗakin yana cin tallafin, ranar da ya tashi ya bar shi ga na bayansa. Akwai kuma wanda ke hannun ɗan haya, takardar tallafi ce da zai shiga gari da ita ya nemi gidan da ya yi masa, in ya tashi ya tafi da abarsa, har zuwa wata jihar in ya bi ƙa'ida. Wannan na biyun ya fi girma. Iyalai wajen miliyan 2.3 ke riƙe da irin wannan takarda, mutum sama da miliyan 5, kuma tana cin sama da dala biliyan 30 a shekara. Ita ce 'yan Niu Yok suka yi wa rububi, a kanta kuma za mu tsaya.

(Gajeren kiɗa)

Ga waɗanda yanzu suka buɗe akwatin rediyonsu, muna magana ne a kan tallafin haya a Amurka, mun kuma iso ga tambayar wa ya cancanta.

Doka ba ta ce “talaka” ta yi shiru ba, don kowa na iya kiran kansa talaka, kowane jami'i kuma na iya kiran ɗan'uwansa talaka. Awo aka yi. Kowace shekara Ma'aikatar Gidaje da Raya Birane ta tarayya, wadda aka kafa a 1965 zamanin Shugaba Lyndon Johnson, tana duba kowane yanki ta fitar da samun iyalin da ke tsakiya. Wato a jera iyalan yankin daga mai ƙaramin samu zuwa mai babba, a ɗauko wanda ya faɗo tsakiyar layi. Da shi ake auna kowa. Wanda samunsa bai wuce kashi 80 cikin 100 na wannan ba, mai ƙaramin samu ne. Wanda bai wuce kashi 50 ba, mai ƙaramin samu ne ƙwarai. Wanda bai wuce kashi 30 ba, shi ne na can ƙasa. Ana kuma la'akari da yawan mutanen gida, iyaka ga mutum ɗaya daban, ga mutum biyar daban. Saboda awon na yanki ne, albashin da zai sa a kira mutum mai hali a ƙauyen Misisipi zai iya sa shi cikin masu neman agaji a San Faransisko.

Takardar tallafi galibi ta waɗanda ba su wuce kashi 50 ba ce. Wata doka ta 1998 ta ƙara da cewa cikin kowace takarda 4 da hukuma za ta bayar sabuwa, aƙalla 3 su tafi ga na can ƙasa. Hikimar wannan sharaɗi a bayyane take. In aka bar hukuma ta zaɓa da kanta, za ta fi son mai ɗan albashi, don tallafinsa bai da yawa, rigimarsa kuma kaɗan ce.

Bayan samu, ana duba takardun zama. Tallafin na 'yan ƙasa ne da baƙin da ke da irin izinin zaman da doka ta amince da shi, kamar masu katin zama na dindindin da 'yan gudun hijirar da aka karɓa. Ana duba tarihin laifi. Kowace hukuma kuma tana da damar fifita wasu rukunai a layinta, misali marasa matsuguni, tsofaffin sojoji, matan da suka gudo daga dukan miji, ko mazauna yankin.

Yanzu bari mu yi lissafi, don a nan ake gane abin. Mu ƙaddara wata mata ce mai 'ya'ya biyu, tana aikin kula da tsofaffi, tana samun dala 24,000 a shekara. Ba a kan wannan kuɗi kai tsaye za a yanka mata haya ba. Shekaru da dama ƙa'idar ita ce a cire dala 480 a kan kowane yaro, ana kuma iya cire kuɗin renon yara in sai da shi take iya fita aiki, amma mu bar wannan. An cire 960, saura 23,040. A raba gida 12, dala 1,920 a wata. Kashi 30 na wannan shi ne dala 576. Rabonta ke nan.

Rabon gwamnati fa? Shi ma yana da iyaka, in ba haka ba kowa sai ya nufi unguwar attajirai. Ma'aikatar tana fitar da abin da ta ɗauka a matsayin hayar da ta dace a kowane yanki. A jera gidajen haya 100 masu kyan zama daga mai arha zuwa mai tsada, a ɗauki farashin na 40. Hukumar yanki ta ɗora nata ma'aunin a kusa da wannan, tsakanin kashi 90 da kashi 110 cikin 100. Mu ce a garin wannan mata ma'aunin gida mai ɗakin kwana biyu dala 1,500 ne, har da kuɗin wuta da ruwa. In ta samu gida a kan 1,500, ta biya 576, hukuma ta tura wa mai gida 924 kowane wata.

To ga gida kusa da makaranta mai kyau, amma 1,650 ne. Hukuma ba za ta ƙara ko dala ɗaya a kan 924 ba. Ita za ta cika 150 ɗin, hayarta ta koma 726. An yarda, domin bai kai kashi 40 cikin 100 na samunta ba, wanda shi ne 768. In gidan 1,750 ne kuwa, rabonta zai kai 826, nan take hukuma za ta ce a'a, ko da matar ta rantse za ta iya. Doka ta hana a bar sabon ɗan haya ya ɗauki abin da ya wuce kashi 40 a farkon shiga.

Amfanin tsarin yana fitowa ranar da abu ya ɓaci. An rage mata kwanakin aiki, samunta ya ragu da rabi. Ta kai takardun albashi ofis, a sake lissafi, rabonta ya sauka, na hukuma ya hau, mai gida ya karɓi kuɗinsa cif. Yara ba su bar makarantarsu ba, ba a watso musu kaya waje ba. Duk wanda ya taɓa ganin iyali tsaye a bakin ƙofa da katifu da tukwane ya san girman wannan. Masu sukar tsarin suna cewa duk dala 100 da ta ƙaru a albashinta, 30 na tafiya haya, wannan kuma na iya kashe gwiwar neman ƙari. Maganar tana da ƙamshin gaskiya. Amma 70 ɗin nata ne, kuma ni dai ban ga yadda uwar da ba ta san inda 'ya'yanta za su kwana wata mai zuwa ba za ta iya riƙe aiki da kyau ba.

(Gajeren kiɗa)

Kuɗin daga Washintan suke fitowa, amma ba a Washintan ake raba su ba. Majalisa ta ware su a kasafin shekara, ma'aikatar tarayya ta rubuta ƙa'idoji ta kuma sa ido, hukumomin gidaje na yankuna sama da 2,000 su yi aikin. Su ke riƙe da layin jira, su ke tantance mutane, su ke duba gidaje, su ke biyan masu gida. Wata hukumar tana kula da dubban iyalai, wata a ƙaramin gari ma'aikatanta ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Shi ya sa garuruwa biyu maƙwabta za su iya bambanta ƙwarai wajen tsawon jira da saurin aiki.

Ranar da suna ya iso kan layi, a kira mutum ya kawo takardun haihuwa, da na albashi, da na banki. A bincika, a yi masa bayani, a miƙa masa takarda. Daga ranar agogo ya fara bugawa. Doka ta ce a ba shi aƙalla kwana 60 ya nemo gida, hukuma na iya ƙara masa in ta ga dama. In wa'adi ya cika bai samu ba, takardar ta mutu, a ba na bayansa. Mutum ya yi shekaru yana jira, abin ya kuɓuce masa cikin wata biyu.

In ya samu gida, sai sufeton hukuma ya zo. Zai murɗa famfo ya ga ruwan zafi da na sanyi na zuwa. Zai kunna murhu, ya ja ruwan ban-ɗaki, ya danna na'urar da ke ƙara in ta ji hayaƙi. Zai taɓa tagogi ya ga suna buɗewa suna kuma kulluwa, ya duba ko akwai wayar wuta a tsirara, ya tabbatar na'urar ɗumama ɗaki na aiki, don a arewacin ƙasar sanyi na kisa. In an gina gidan kafin 1978 kuma akwai yaron da bai kai shekara 6 ba, zai bi bango da jikin taga yana neman fentin da ke ɓarewa, domin tsohon fenti na ɗauke da dalma, yara kuma na kai ɓawon baki. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba ma buƙatar dogon bayani a kan wannan. Bayan an shiga ma ana dawowa dubawa. Laifin da ke barazana ga rai, awa 24 ake ba mai gida ya gyara, sauran kwana 30. In ya ƙi, hukuma ta riƙe kuɗinta.

Takardu biyu ake sa wa hannu. Ɗaya tsakanin ɗan haya da mai gida, kamar kowace haya. Ɗaya tsakanin hukuma da mai gida, wadda ta ɗaure hukuma da biyan rabonta. Kuɗin ajiya na shiga gida kuwa ɗan haya ne ke nemo shi, kuma wannan kaɗai ya isa ya tsayar da wasu.

A nan ina da magana da 'yan'uwanmu da ke zaune can, musamman a unguwar Bronks ta birnin Niu Yok inda mutanen Gana, da Nijar, da Najeriya, da sauran Afirka ta Yamma suke da yawa. Neman shiga layi kyauta ne. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi ya sama muku takarda, ɗan damfara ne. In kuna layi kuka sauya gida, ku sanar da hukuma, don takan aiko wasiƙa, wanda bai amsa ba a goge sunansa. In kun samu, ku sani cewa sunayen da ke takarda su kaɗai aka yarda su zauna a gidan. Mu mutane ne masu karɓar baƙo, ƙani ya zo daga gida a ce ya zauna har ya samu abin yi. A wannan shiri, baƙon da ya wuce kwanakin da hukuma ta ƙayyade ya zama mazaunin da ba a bayyana ba, kuma hakan na iya jawo asarar tallafin. Haka ɓoye ƙarin samu. Ba a kuma yarda mutum ya kama haya a gidan mahaifinsa, ko ɗansa, ko wansa, ko ƙanwarsa da wannan takarda ba, sai in akwai lalurar naƙasa. Kafin a yanke wa iyali tallafi dai, suna da haƙƙin a zauna a saurare su, kada a ji tsoron neman wannan zama.

Babban dutsen da ke kan hanya shi ne mai gida. Dokar tarayya ba ta tilasta wa kowane mai gida karɓar takardar ba. Wani yana gudun jiran sufeto alhali ɗakin na zaune ba kuɗi, wani yana gudun cike-ciken takardu, wani kuwa ƙyamar talaka ce ko ta launin fata ya fake da takardar. A 2018 cibiyar bincike ta Urban Institute ta fitar da sakamakon gwajin da ta yi wa ma'aikatar gidaje, inda aka riƙa kiran masu gidajen da suka yi talla ana tambayarsu ko suna karɓar takardar. A Fort Worth ta jihar Teksas kashi 78 cikin 100 suka ce a'a. A Los Anjalas kashi 76, a Filadelfiya kashi 67. A Newark kuwa kashi 31 ne, a Washintan kashi 15. Waɗannan biyun na ƙarshe suna da dokar da ta haramta ƙin mutum saboda inda kuɗin hayarsa ke fitowa. Jihohi da birane da dama sun yi irin wannan doka, wasu kuma har yanzu ba su yi ba.

Kuma inda aka fi ƙin takardar shi ne unguwannin da suka fi kyau, alhali nan ne ta fi amfani. A 1994 gwamnati ta fara wani gwaji a birane 5, da iyalai wajen 4,600 mazauna gidajen gwamnati. Aka yi ƙuri'a, wasu aka ba su takarda da sharaɗin su koma unguwar da talauci bai yi yawa ba. Shekaru 20 bayan haka, masanin tattalin arziki Raj Chetty da abokan aikinsa na jami'ar Harvard suka bi sawun yaran ta takardun haraji. Waɗanda aka kai sabuwar unguwa kafin su cika shekara 13 sun tashi suna samun kusan kashi 31 cikin 100 fiye da takwarorinsu da aka bari. Waɗanda suka koma suna samari da 'yan mata ba su ga wannan riba ba. Ke nan kowace shekarar da uwa ta yi a layi, daga ƙuruciyar ɗanta ake cire ta.

Wannan ya kawo mu ga abin da ya fi damuna a tsarin. Cikin kowane iyali 4 da suka cika sharuɗɗan tallafin haya na tarayya, kusan 1 kaɗai ke samu. Sauran 3 ba su gaza komai ba, awo ɗaya aka yi musu. Dalili shi ne yadda aka tsara kuɗin. A Amurka tallafin abinci haƙƙi ne: duk wanda ya cika sharuɗɗa a ba shi, in mabuƙata sun ƙaru kuɗin su ƙaru. Tallafin haya ba haka yake ba. Majalisa ke yanka adadi kowace shekara, in ya ƙare ya ƙare. Kamar a tuƙa tuwon mutum 25 ne a gayyato 100, sannan a tsaya a ƙofa ana tantance wanda ya fi jin yunwa. Duk ƙuri'a, da fifiko, da rufe rajista na shekaru, daga nan suka samo asali. A ɗaya gefen kuma, mai hali da ya sayi gida da rancen banki doka ta ba shi damar cire ruwan rancen daga kuɗin da za a yanka masa haraji a kai. Wannan ma tallafin gida ne daga baitulmali, kuma babu wanda ya taɓa shiga layi dominsa. Ba na ganin adalci a nan.

Ƙofar gina sababbin gidajen gwamnati ma an kusa rufe ta. Dokar 1998 ɗin nan ta ɗauke da wani gyara na Sanata Lauch Faircloth da ya hana hukuma amfani da kuɗin tarayya ta wuce yawan gidajen da take da su ranar 1 ga Oktoban 1999. Tun daga lokacin rushewa da sauya wa gidaje tsari sun fi gini yawa, adadin ya sauka ƙasa da miliyan 1.

Ginin da ake yi yanzu ta wata hanya yake bi, wadda aka buɗe a dokar haraji ta 1986. Gwamnati ta ba jihohi rangwamen haraji, jihohi su raba wa magina, magina su sayar wa bankuna da manyan kamfanoni su samu jarin gini. Sharaɗin shi ne a ware wani kaso na ɗakunan ga masu ƙaramin samu, misali kashi 40 cikin 100 ga waɗanda ba su wuce kashi 60 na samun tsakiya ba, na tsawon shekara 30 a ƙa'ida. An gina miliyoyin ɗakuna ta wannan hanya. Amma ku lura da bambancin, don shi ke ruɗa mutane. A nan ana yanka haya ne bisa awon yanki, kowa a ɗaki iri ɗaya kuɗi ɗaya yake biya. Matar nan tamu in aka rage mata aiki, hayarta ba za ta motsa ba. Na can ƙasa sau da yawa ba ya iya shiga irin wannan gida sai in yana riƙe da takardar tallafi a hannu. In wa'adin ya cika kuma, mai gini na iya mayar da ɗakunan farashin kasuwa. Duka biyun ana kiransu gidaje masu tallafi, alhali kariyar da suke ba ɗan haya ba ɗaya ba ce.

A Najeriya mun san gidajen Shagari na farkon shekarun 1980, waɗanda har yau unguwanni ke amsa sunansu a garuruwa da dama. Mun san Asusun Gidaje na Ƙasa da aka kafa a 1992, wanda ake cire wa ma'aikaci kashi 2.5 cikin 100 na albashinsa don ya samu rancen mallakar gida. Akasarin shirye-shiryenmu sun fuskanci mai son saye ne, mai takardar albashi. Ɗan haya kuwa, mai facin taya, da mai sayar da ƙosai, da malamin makarantar kuɗi, wanda ake ce wa ya kawo kuɗin shekara guda dunƙule har da la'adar dillali, da wuya ka ji shirin da aka tsara da shi a zuciya. Ba ina cewa a kwafo na Amurka ba ne. Tsarin da ke tafiya da takardun albashi da na haraji zai sha wuya a inda yawancin mutane ba su da ko ɗaya. Amma duk ranar da aka sanar da sabon rukunin gidaje masu rahusa, 'yan jarida da wakilanmu a majalisa suna da damar tambaya da wane awo za a zaɓi masu shiga, wa zai riƙe jerin sunayen, ko jama'a za su iya ganinsa, da kuma daga wane aljihu za a gyara famfo bayan shekara 10.

Jama'a, lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu je birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, inda hukumar birni ke gina gidajen haya tun shekarun 1920 kuma ba ta sayar da su ba.